Babi na 7: Yadda ake sa launi a bayan rubutun ado

Toh iyayena da yayyena, a babin da ya wuce mun koyi rubutun ado a Microsoft Word, wato wanda ake ce ma WordArt, mun ga yana ƙarƙashin Insert. Yau fenti za mu shafa mashi a baya. Ku tuna allunan shagunan da ke kan hanyar Ƙofar Ƙaura, ai mai fenti sai ya fara shafe allon gaba ɗaya da launi guda, ya bari ya bushe, sannan ya zana sunan shago a kai. Shi za mu yi, sai dai namu babu jiran bushewa.

Buɗe takardarka ka rubuta WALIMAR SAUKAR ALƘUR'ANI da rubutun ado. Ka lura da kyau, rubutun nan ba a sake yake ba, cikin wani akwati yake zaune, kuma akwatin ne za mu zuba ma launi ba haruffan ba. Ɗora linzami, wato mouse, kan rubutun ka danna sau ɗaya, za ka ga layi ya zagaye shi mai tsinke-tsinke, sai ka matsa kan layin kanshi ka sake dannawa har ya koma miƙaƙƙen layi mara yankewa. Yanzu ka kama akwatin kenan. Ɗaga ido sama can jerin sunaye, wani sabon suna zai fito, Shape Format, a wasu kwamfutocin masu Word 2013 ko 2016 Format kawai za ka gani. Danna shi ka nemi ɗan hoton bokitin fenti da aka rubuta Shape Fill a gefenshi, kana dannawa launuka za su zubo, kuma tun kafin ka zaɓa, in ka ɗora linzami kan kore za ka ga bayan rubutun ya zama kore, ka matsa kan ja ya koma ja, kamar mai gwada hula a kasuwa. Wanda ya kwanta maka a rai shi za ka danna, shikenan.

Ga inda kusan kowa ke faɗawa. Kusa da bokitin akwai wani harafin A mai layin launi a ƙasanshi, sunanshi Text Fill, shi wannan haruffan yake rinawa. Akwai wani dattijo a ajinmu, mai sana'ar ɗinkin hula, ya rina haruffanshi shuɗi, ya zo ya zuba ma akwatin shuɗin dai iri ɗaya, sai ga allo fayau babu rubutu. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar, yana cewa malam na'urar nan ta cinye mani rubutu. Na ce Baba yana nan, baƙin zare ne kan baƙar hula. Ya yi dariya ya ce yanzu ka yi Hausa. In haka ta same ka kar ka tada hankali, riƙe Ctrl ka taɓa Z, abin da ka yi na ƙarshe zai warware. In kuma launin ne baka so kwata-kwata, koma bokitin ka zaɓi No Fill.

Ni dai shawarata, bayan mai duhu rubutu mai haske, ko akasin haka. Kore mai duhu da farin rubutu yana fita sosai a katin walima. Amma rawaya kan fari, ko ja kan kore, dan Allah a'a, wanda zai karanta sanarwar daga ƙofar masallaci bayan magariba ba zai gode maka ba. Akwai Gradient da Texture a ƙasan launukan nan, masu sa launi ya gauraya ko ya yi kamar zanen yadi, ku bar su tukun sai hannu ya faɗa.

Mai tsohon Word 2007 kuwa nashi daban ne, a can bokitin nan haruffan kansu yake cikawa, ba bayansu ba. Dabarar ita ce ka zana akwati mai kusurwa huɗu daga Shapes da ke ƙarƙashin Insert, ka zuba mashi launi, sannan ka tura shi bayan rubutun.

Sai maganar bugawa. Launin akwati yana fitowa a takarda kuma yana shan tawada, shi yasa in ka kai shagon buga takardu kuɗin mai kala ya fi na baƙi da fari. In baƙi da fari za ka buga, zaɓi launi mara nauyi da baƙin rubutu, don ja da kore duk toka-toka suke komawa a firinta.

Aikin gida: rubuta sunan sana'arka da rubutun ado, ka sa mashi launi a baya, ka ja da baya taku biyar daga kwamfutar ka gani ko kana iya karantawa. Wanda bashi da kwamfuta a gida ya zo da wuri ranar aji, ya yi amfani da ta nan.