Yadda za ka ɗora aikin aji a sabar makaranta

A Nima, unguwa a Accra, nake koyar da ƙera shafukan intanet, kuma duk zango sunan fayil ne ke kayar da ɗalibaina. Rubuta shi da ƙananan haruffa, ba tazara. Sabarmu, wato kwamfutar da ke ajiye shafukan, da tsarin Linux take aiki, a wurinta Aiki.html daban, aiki.html daban.

Buɗe FileZilla, manhajar tura fayiloli zuwa saba, zaɓi SFTP, wato hanyar tura su a tsare, saka adireshin sabar da sunanka na shiga da kalmar sirri. A gurbin Port sa 22. Hagu kwamfutarka ce, dama sabar. Ja fayilolinka zuwa cikin foldar public_html da ke sabar, har da hotunan, su ake yawan mantawa. Shafin farko sunansa index.html.

Sai ka buɗe shafin a wayarka ka gani da idonka. Kuma don Allah kada ka bari sai daren ƙarshe, dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ba ya sallama.