Yadda zaka tsufar da wuyan jitarka na katakon maple

Jama'a masu son wuyan jitar lantarki ya dawo kamar na tsofaffin Fender Telecaster na shekarun 1950, abu na farko ku duba irin banish ɗin dake jiki. Na da wani banish ne da ake kira nitro, shi yake yin ɗorawa-ɗorawa ya goge da kanshi, na yanzu kuwa yawanci poly ne, banish mai kamar roba mai taurin tsiya, ko ka shanya shi a rana ba wani canji sosai zaka gani ba.

Kwance kusoshi huɗun da suka haɗa wuyan da jikin jitar ka cire wuyan gaba ɗaya, don in ka yi amfani da soson ƙarfe wajen gogewa, ɓurɓushinsa yana manne wa maganaɗisun pickup, wato abin dake ɗaukar sautin tsirkiya. Sai ka bi bayan wuyan da samfefa mai lamba 600, iya inda babban yatsa yake yawo kawai, kar ka kankare ko'ina wallahi nan ake gane na bogi. In katako ya fito ka goga garin bakin fensir da yatsa, ko ruwan shayi mai kauri, kaɗan kaɗan dai don maple baya shan kala daidai, wani wajen sai yayi dabbare-dabbare. Ya bushe ka shafa Tru-Oil, wani man shafa wa katako, siriri.

Amma in jitar mai tsada ce fa ka sani kuɗinta zai faɗi ranar sayarwa.