Yadda masu sabon maguzancin Turawa za su zauna su fitar da aƙida ɗaya ba tare da taron ya watse ba

A 2005 wani sojan Amurka mai suna Patrick Stewart ya mutu a Afganistan, matarsa ta nemi a sa alamar addininsa a allon tunawa da shi a maƙabartar sojoji, tauraro ne mai tsini biyar a cikin da'ira, alamar mabiya Wika kenan, wani reshe na sabon maguzancin Turawa. Aka yi ta ja mata rai, sai a Afrilun 2007 bayan an kai ƙara kotu sannan ma'aikatar tsoffin sojoji ta amince. Toh kaga maganar aƙida ba hirar shan shayi ba ce ga mutanen nan, domin duk inda suka je, asibiti ne ko gidan yari ko ofishin rajista, tambayar farko da ake musu ita ce ku me kuka yarda da shi, kuma in mutum goma suka ba da amsa goma sai jami'i ya rufe fayil ya ce ku dawo.

Mutanen da nake magana a kai su ne Turawan da suka koma suna farfaɗo da bautar da kakanninsu ke yi kafin zuwan Kiristanci, suna kiran kansu fagan. Akwai 'yan Wika da Gerald Gardner ya fito da su fili a Ingila a 1954, akwai Duruwid masu koyi da malaman addinin gargajiya na tsohuwar Birtaniya, akwai 'yan Asatru masu bin allolin arewacin Turai irin su Odin da Thor, akwai masu bin na Girka da na Lituwaniya. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 wajen mutum 74,000 ne suka rubuta fagan a gurbin addini. Na ce maguzanci ne saboda ita ce kalmar da ta fi kusa a bakinmu, amma Bamaguje gado ya yi, ya tashi ya tarar da abun a gida, su kuwa waɗannan akasari daga littafi suka tono shi bayan ya yanke da ɗaruruwan shekaru, kuma daga nan ne duk wahalar ta taso. Ni Musulmi ne, karatun addinai ne ya kai ni kansu, kuma abun ya daɗe yana cin raina domin ban ga wani wuri da ake ganin yadda aƙida ke ginuwa ƙiri-ƙiri a gaban ido kamar nan ba. Dan haka in da kai aka ɗora wa jagorancin irin wannan zama, ga yadda za ka bi.

Ka fara da tambayar wa ake rubuta wa. Takardar da za a kai wa gwamnati daban, wadda za a karanta wa sabon shiga daban. Wata ƙungiyar Duruwid a Ingila ta sha shekaru tana kai-komo da hukumar rajistar ƙungiyoyin jinƙai kafin a karɓe ta a matsayin ƙungiyar addini a 2010, irin wannan takarda dole ta amsa tambayoyin lauya. In ka haɗa ta da ta cikin gida duka biyun za su lalace.

Sannan, kuma nan ne na fi so ka tsaya, kar ka buɗe taro da tambayar su wane ne alloli. Wallahi in ka yi haka kafin a kawo abinci ɗakin ya rabu huɗu. Wani zai ce Odin da Zeus da Brigid kowanne halitta ne mai zaman kansa da halinsa da abun da yake so, haɗa su raini ne. Wata za ta ce duka sunaye ne na abu biyu, uwargijiya mace da ubangiji namiji, wanda shi ne fahimtar 'yan Wika da yawa. Na uku zai ce ƙasa da ruwa da bishiya su ne abun tsarkakewa, babu wani a bayansu. Na huɗu kuma zai ce duka labaran nan misali ne na abun da ke cikin zuciyar ɗan Adam, kuma kar ka ɗauka wannan na huɗun ɗan bakin ƙofa ne, Hilmar Örn Hilmarsson da ke shugabantar ƙungiyar Asatru ta Aislan tun 2003 ya taɓa gaya wa 'yan jarida cewa shi bai jin akwai wanda ya yarda da wani mai ido ɗaya da ke yawo a kan doki mai ƙafa takwas, wato Odin, su a wajensu waƙa ce mai ɗauke da ma'ana. Wannan fa shugaban ƙungiyar da gwamnatin ƙasar ta amince da ita tun 1973 kenan, kuma a wasu ƙasashen akwai 'yan Asatru da maganar ta ɓata musu rai sosai.

Abun yi shi ne ka tambaye su me kuke yi in kun taru. Nan za ka ga mutum huɗun nan sun tsaya a da'ira ɗaya, an kunna wuta, an zuba giyar zuma a ƙasa, ƙahon shan giya yana zagayawa hannu-hannu kowa ya ambaci wani abun bauta ko kakansa da ya rasu. Ka rubuta wannan tukuna, me ake fara yi, me ake miƙawa, wa ake kira, da me ake rufewa. Bayan nan sai ka bi kowane aiki da tambaya ɗaya, me yin wannan ke nunawa mun yarda da shi? In kowa yana miƙa kyauta, toh aƙalla an yarda cewa alaƙa da abun bauta ba-ni-in-ba-ka ce. In kowa yana kiran kakanni, an yarda matattu suna da haƙƙi a kan rayayyu. Wata ƙungiyar Duruwid ta Amurka da Isaac Bonewits ya kafa a 1983 haka ta yi, ta tsayar da jerin matakan ibada da kowane reshe zai bi, ta bar fassara a hannun mutum.

Abu na gaba, duk maganar da aka kawo a tambayi daga ina ta fito. Wanda ya tashi a inda ake tambayar ruwaya da isnadi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka ware kwando uku, abun da ke cikin tsoffin rubuce-rubuce da abun da masu tonon ƙasa suka gano, abun da aka ƙirƙira a zamanin nan, sai kuma abun da mutum ya ce ya gani a mafarki ko ya ji a jikinsa lokacin ibada. Na ukun nan ba a hana kowa nasa, amma ba ya hawa kan jama'a sai in mutane da yawa da ba su haɗa baki ba sun zo da irinsa, ko a nan ma a rubuta shi da sunansa na gaskiya. Kwandon farkon ma a duba shi da kyau, yawancin labaran allolin arewa a ƙarni na 13 aka rubuta su a Aislan, Snorri Sturluson da ya tattara da yawansu Kirista ne, ƙasar ta karɓi Kiristanci wajen shekara 200 kafin shi. Su 'yan Wika sun daɗe suna cewa addininsu tsoho ne da ya ɓuya tun zamanin da ake ƙona mayu, bisa ra'ayin da Margaret Murray ta kawo a 1921, masana tarihi suka rushe shi, Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya bi diddigi a 1999 ya nuna ginin ƙarni na 20 ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a rubuta gaskiyar tun a shafin farko, waɗanda suka yi haka ba su rasa mabiya ba.

Inda za a ja layi mai kauri shi ne ɗabi'a. A 2016 wata ƙungiyar Asatru a Amurka ta fito ƙarara da cewa addinin na farar fata ne, ƙungiyoyi sama da 100 daga ƙasashe daban-daban suka sa hannu a takarda ɗaya suka barranta da ita. Mutanen da ba za su taɓa haɗuwa a kan ma'anar Odin ba sun haɗu a kan wannan cikin 'yan makonni, dan haka wariyar launin fata, cin zarafin yara da mata, shugaba ya ci kuɗin jama'a, duk a rubuta su baro-baro harda hukuncinsu.

Wajen rubutun kuma a taƙaita, a ce mu 'yan wannan ƙungiya, kar a ce duk fagan. A 1974 wata majalisar 'yan Wika ta zauna a Minneapolis ta fitar da ƙa'idoji 13, takardar tana yawo har yau amma majalisar ba ta kai shekara ba ta watse, taron tsintsiya ba shara. Tarayyar fagan ta Birtaniya da aka kafa a 1971 uku kawai ta riƙe, son halitta, yi abun da kake so muddin ba ka cuci kowa ba, da yarda cewa abun bauta yana da fuskar mace da ta namiji, kuma ko waɗannan ukun in ka lura ƙamshin Wika suke yi, mai alloli ashirin zai ji rigar ta matse shi. Shi yasa nake ganin dole a bar shafi guda mai taken abubuwan da muka saɓa, kowane ɓangare ya rubuta matsayinsa da bakinsa, a karanta a gaban kowa. Harda suna da kalanda su shiga nan. Da aka yi babban taronsu a Vilnius ta Lituwaniya a 1998 kalmar fagan ɗin ma aka ajiye, aka zaɓi addinan ƙabila. Bukukuwa takwas na shekara da 'yan Wika da Duruwid ke yi kuma da damina da hunturun Turai aka auna su, mabiya a Ostareliya juya su suke yi, bikin tuna matattu da ake yi ƙarshen Oktoba su sai ƙarshen Afrilu.

A ƙasan takardar a sa ranar da za a sake zama a kanta, shekara uku ko biyar, a kuma ajiye kwafi mai sa hannu a wajen mutum fiye da ɗaya saboda za a neme ta. Ƙungiyar fagan ta Lituwaniya mai suna Romuva majalisar dokoki ta ƙi amincewa da ita a 2019, ta kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yi nasara a 2021, majalisar ba ta amince ba sai a Disambar 2024.