Darasi na 9: Ƙasar da ta daskare ta fara narkewa

Duk wanda ya taɓa tona juji da damina ya ji ɗumi yana tashi daga ciki. Wannan ɗumi aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya iya gani. Su ke cin kara da ganye da kashin dabbobi har su zama taki.

A arewacin duniya, kamar Sibiriya ta ƙasar Rasha, da Alaska, da arewacin Kanada, akwai wuraren da cikin ƙasa ke daskare rani da damina. A wasu wuraren ta yi dubban shekaru a haka. Ciyawa da saiwa da mushe suna binne ba su ruɓe ba, kamar nama a firji. Halittun nan suna ciki, sanyi ya kwantar da su, amma da yawansu ba su mutu ba.

Yanzu zafi yana ƙaruwa a can fiye da sauran duniya. Da ƙasa ta narke sai su farka, su tarar da abinci jibge, su hau ci. Inda ƙasa ke shan iska, suna fitar da iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Inda ruwa ya kwanta ya zama fadama, wasu irinsu ke karɓar aiki, su fitar da metan, iskar nan da ake samu daga kashin shanu a yi girki. A tafkunan Sibiriya, in an huda ƙanƙara aka kyasta ashana, wuta takan kama.

Abin da ke tayar da hankali shi ne yawan abincin. Kabon da ke binne a wannan ƙasa, cikin ciyawa da saiwa da mushen nan, ya kai kusan ninki 2 na wanda ke sararin sama. Duk abin da ya fita yana riƙe zafin rana, zafin kuma ya ƙara narkar da ƙasa. Iskar kuwa ba ta tsayawa a Rasha, duniya take zagayawa.

Aikin gida: Ka zuba danyen ganye da ƙasa mai laima a gwangwani 2. Ka ajiye ɗaya gindin randa, ɗaya inda rana ke bugu, kana yayyafa musu ruwa kullum. Bayan mako 2 ka duba, ka rubuta jimla 3 kan wanda ya fi ruɓewa, ka zo da su aji.