Darasi na 6: Saita Na'urar Hawa Bishiya da Igiya

Masu datse rassan manyan bishiyoyi a Turai da Amurka da igiya suke hawa. Mutum ya rataya igiya a reshe mai ƙarfi, ya ɗaura ɗamara a ƙugu, ya haɗa ta da igiyar. A da, abin da ke riƙe shi ƙulli ne na siririyar igiya da ake naɗawa a jikin babbar. Sananne a cikinsu shi ne ƙullin Prusik, wanda Karl Prusik, wani mai hawan duwatsu ɗan Ostiriya, ya fito da shi a 1931. Yau masu sana'ar da yawa sun koma na'urar ƙarfe, irin su ZigZag ta kamfanin Petzl na Faransa, da Akimbo ta Rock Exotica a Amurka, da Rope Runner.

Aikinsu ɗaya ne. In ka sakar wa na'urar nauyinka, sai ta ciji igiya. In ka tura ta sama, sai ta zame. In ka danna kanta da yatsu, sai ta sauke ka sannu a hankali.

Fara da karanta lambobin da ke jikinta, domin su ne kaurin igiyar da aka ƙera ta dominta. ZigZag, alal misali, tana aiki da igiya mai kaurin milimita 11.5 zuwa 13. Igiyar rijiya ko ta ɗaure kaya ba ta shiga wannan aiki, komai kyanta.

Sannan ka san yadda ka rataya igiyarka. In ta zagayo reshe ta dawo maka riɓi biyu, kusan rabin nauyinka ne a kan na'urar. In guda ɗaya ce a tsaye, duk nauyin yana kanta. Shi ya sa ba a hawa igiya guda da ZigZag ita kaɗai, sai an ƙara mata wani birki da ake kira Chicane.

Yanzu saiti. ZigZag ba ta da abin juyawa na saita cizo, igiya ake zaɓar mata. Akimbo da Rope Runner kuwa ana rage ko ƙara cizonsu. Tsaya a gindin bishiya, ka sa igiyar yadda zanen da ke jikin na'urar ya nuna, ka kulle ƙugiyar da ke haɗa ta da ɗamara, ka zauna a cikin ɗamara har ƙafafunka su bar ƙasa kaɗan. In kana zamewa ba ka taɓa komai ba, ta yi sako-sako. Sauka ka ƙara. In ka danna ta ƙi saki, sai da ƙarfi, ta matse da yawa. Wannan ta biyun ce ke yaudarar sabon shiga, don yana ganin matsi shi ne tsaro. To amma wanda ya danna da ƙarfi, lokaci guda take sakinsa, ya zo ƙasa a guje. Juya kaɗan, ka gwada, ka sake juyawa kaɗan. Kada ka taɓa saiti kana rataye a sama.

Saitin jiya ba lallai ya yi yau ba. Sabuwar igiya tana da santsi. Wadda ta jiƙe, ko ta sha ƙura, ko ƙaro ya manne mata, cizonta dabam ne. Zarto mai inji da ka rataya a ƙugu ma nauyi ne, don haka da shi za ka yi gwajin. In ka ari na'urar wani, saitinsa na nauyinsa ne.

Ƙulla ƙarshen igiyar don kada ta zare daga na'urar. Kafin ka tayar da zarto a sama, ɗaura gajeriyar igiya ta biyu a jikin bishiyar.

Aikin aji: kowa ya karanta lambobin na'ura da ƙarfi, ya rubuta su a littafinsa, sannan ya yi gwajin zama a gaban malami, tsayin da bai wuce gwiwa ba.