Darasi na 9: Jijiyoyin fatar kai da ciwon da kan tafi da ido

To jama'a kafin mu fara karatu kowa ya ɗan ɗaga hularsa, iyayenmu mata ku sassauta kallabi. Ɗora yatsu biyu a gaban kunne, sama kaɗan. Kun ji wani abu na bugawa dal dal? Jijiyar jini ce, ita ce maganarmu yau.

Kowane gefen kai jijiyoyi 5 ne ke kai wa fata jini. Biyu suna fitowa ta saman ido su hau goshi, ɗaya ta bi bayan kunne, ɗaya ta ƙeya, sai wannan ta gaban kunne da in ta hau sama take rabuwa biyu, reshe guda ya nufi goshi guda ya nufi tsakar kai. Duk a sarƙe suke da juna, shi ya sa in wanzami ya ɗan kuskure da aska sai ka ga jini kamar an yanka kaza alhali yankan bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Akwai ciwon da ke sa bangon wannan jijiya ta gaban kunne ya kumbura har hanyar jinin ta tsuke. Kusan sai wanda ya haura shekara 50 yake kamawa, mata sun fi maza, kuma gaskiya ya fi yawa a arewacin Turai, a nan ba kasafai ba, amma rashin yawan nasa ne ma ke sa a yi ta ce masa hawan jini ko shawara har lokaci ya ƙure. Tun 1890 wani likita a Ingila, Jonathan Hutchinson, ya ba da labarin wani tsoho da hula ta gagare shi sawa saboda zafin wurin.

Ku lura da Inna ko Baba a gida. Sabon ciwon kai a gefe wanda ba a saba ba, taje kai ko kitso ya gagara don zafi, ana cikin tauna goro ko kilishi muƙamuƙi ya gaji ya yi tsami sai an dakata, ga zazzaɓi sama-sama da rama. In kuwa ido ya yi duhu ko da na minti ɗaya ne ya dawo, ko ana ganin abu bibbiyu, to ranar za a tafi asibiti ba gobe ba, a bar zancen ƙaho da fanadol ɗin kemis, don ganin da ya tafi ta wannan hanya da wuya ya dawo. Mutumin Daura ya fara da babban asibitin garin, in abin ya fi ƙarfinsu su turo shi asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina.

Likita zai ɗebi jini a yi gwajin ESR da CRP masu nuna alamar kumburi a jiki, ya fara ba da prednisolone, maganin rage kumburi, nan take ba tare da jiran sakamako ba. Sannan a yanko ɗan guntun jijiyar a duba. Nan ne mutane ke tsorata, wai za a yi wa tsohuwa tiyata a ka. Ba ƙoƙon kai ake taɓawa ba fa, fata ce kawai, a aske wurin kaɗan, a yi allurar kashe zafi, mutum na farke, a ciro kamar santimita 1 zuwa 2 a ɗinke, bai cika kai awa ɗaya ba ya koma gida. Ana ɗan tsawaita guntun ne saboda kumburin tsallake-tsallake yake yi, nan da ciwo can lafiya lau. Jinin wurin kuma sauran jijiyoyin nan sun ɗauke nauyinsa. Wani lokaci ƙalilan akan taɓa jijiyar da ke ɗaga gira, ku tambayi likita wannan kafin ku sa hannu a takarda.

Maganin yakan ɗau shekara ko fiye, yana ɗaga suga da hawan jini, kuma ba a yanke shi farat ɗaya don an ji sauƙi, likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Aikin gida: zana kai a littafinka, ka ja layin jijiyoyin nan 5, ka rubuta inda kowacce ta bi.