Yadda Ake Bi Idan Ɗalibi Ya Yi Barazana a Makaranta

An fita tara, yara biyu sun yi cacar baki a bakin famfo, ɗaya ya nuna ɗayan da yatsa ya ce, "Wallahi sai na ga bayanka." Monita ya kawo maka labari ofis, kai shugaban makaranta. Abin da aka saba shi ne ko a ce shirmen yara ne a share, ko a zane yaron a kora shi gida. Duka biyun ba su amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba: wannan yaron faɗa kawai ya yi, ko aikatawa zai yi?

Bayan harbin da aka yi a sakandaren Columbine a Amurka a 1999, hukumar da ke tsaron shugaban ƙasar da ma'aikatar ilimi sun bi diddigin hare-hare 37 da aka kai makarantu, suka fitar da rahoto a 2002. Sun gano ba a gane mai kai hari ta kamanni ko sutura. Kuma a kashi 81 cikin 100 na hare-haren, akwai wanda ya san da shirin tun kafin ranar, galibi ɗalibi ne ɗan'uwansa. Matakan da ke ƙasa sun dogara ne da tsarin Farfesa Dewey Cornell na Jami'ar Virginia, jihar da a 2013 ta wajabta wa makarantun gwamnati kafa kwamitin auna irin wannan barazana.

Mataki na 1: Ji daga bakin kowa, a ranar. Kira wanda ya yi maganar, da wanda aka yi wa, da shaidu, kowa shi kaɗai. Rubuta kalmomin yadda aka furta su. Ka ajiye bulala tukuna, ka tambaye shi a natse: "Me kake nufi? Me ya haɗa ku?"

Mataki na 2: Auna nauyin maganar. Nan ne aikin yake. Akwai barazanar da fushi ko wasa ya kawo. Zuciya na sanyi yaron zai sunkuyar da kai ya ce subul da baka ne, ya nemi gafara da gaske. Akwai kuma mai nauyi. Ya ambaci rana ko wuri, kamar "Juma'a in an tashi, a bayan katanga"? Ya maimaita ta kwana da kwanaki, ko ya tura ta a WhatsApp? Ya nemi abokai su tare masa hanya? An gan shi da wuƙa ko reza? Ya ƙi janye maganar, ko bayaninsa ya saɓa da na shaidu? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. In kuwa kana kokwanto, ɗauke ta a matsayin mai nauyi, kuma kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Zauna da mataimakinka da malamin ajin.

Mataki na 3: Idan ta fushi ce, a sasanta su, a yi horo daidai laifi, a sanar da iyaye. Shi ke nan.

Mataki na 4: Idan mai nauyi ce, kada a bar mai barazanar shi kaɗai, kada kuma shi da abokin faɗansa su fita ƙofa lokaci ɗaya. A duba jakarsa a gaban wani malami. A gaya wa wanda aka yi wa barazanar da iyayensa gaskiya, ba tare da rufa-rufa don kare sunan makaranta ba. In akwai makami ko maganar kisa, a kira 'yan sanda. A kuma tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, domin yawancin maharan da aka bincika sun taɓa wannan tunanin.

Mataki na 5: Tono tushen. Mafi yawan maharan da aka bincika sun ji ana cin zalinsu ko ana tsangwamarsu kafin su kai ga hari. Shi ya sa kora kaɗai ke ba ni tsoro: yaron ya bar idonka, ƙullin yana nan a ransa, ga shi ya san hanyar gidan abokin faɗansa. A rubuta abin da aka amince da iyaye, a ba malami guda da yaron ya yarda da shi ya riƙa zama da shi duk mako.

Shi kuma yaron da ya kawo labarin, ka ɓoye sunansa ko da matsa maka aka yi. Ranar da aji ya fara kiransa munafuki, babu wanda zai sake ƙwanƙwasa maka ƙofa.